Tarihin Tallafin Gwamnati ga Ƙananan Ƙungiyoyin Fasaha a Karkarar Amurka

Ƙasar Amurka ba ta da ma'aikatar al'adu irin wadda ake da ita a Faransa da sauran ƙasashe da dama, kuma mafi yawan kuɗin da ke riƙe da gidajen wasan kwaikwayo da ƙungiyoyin makaɗa da gidajen adana kayan tarihi na ƙasar yana fitowa ne daga sayar da tikiti, da kyautar masu hannu da shuni, da gidauniyoyi masu zaman kansu. Wannan tsari ya fi amfanar manyan birane, domin a can ne attajirai da gidauniyoyin suke, alhali kuwa kimanin kashi 20 cikin 100 na al'ummar ƙasar suna zaune ne a karkara, kamar yadda ƙidayar 2020 ta nuna. Saboda haka ne ɗan abin da gwamnati ke bayarwa, ko da yake bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kasafin kuɗin ƙasar, ya zama muhimmi ƙwarai ga ƙananan ƙungiyoyin fasaha na ƙauyuka da na unguwannin talakawa. Abin da ake nufi da tallafi a nan shi ne kuɗin da hukuma ke bai wa ƙungiya domin ta gudanar da wani aiki da aka amince da shi, ba tare da an nemi ta biya ba. Ƙaramar ƙungiya kuwa ita ce wadda ma'aikatanta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, ko ma 'yan sa-kai ne ke tafiyar da ita baki ɗaya.

Tarihin wannan tallafi, wanda ya haura shekara ɗari, ya ginu ne a kan ja-in-ja tsakanin ra'ayoyi biyu. Na farko yana ɗaukar mutumin karkara a matsayin mai kallo wanda ya kamata a kai masa fasahar birni har ƙofar gida, na biyu kuwa yana ɗaukarsa a matsayin mai fasahar kansa, wanda abin da yake bukata shi ne a ƙarfafa abin da ke hannunsa. Duk lokacin da ra'ayi na biyu ya yi rinjaye, kuma aka samu ma'aikatan da ke takawa har ƙauye su san mutane, kuɗi kaɗan ya kan haifar da cibiyoyi masu daɗewa.

Tushen al'amarin a kwalejojin noma

Tallafin farko da fasahar karkara ta samu daga aljihun gwamnati ya biyo ne ta hanyar aikin gona. Dokar Morrill ta 1862 ta bai wa jihohi filaye domin su kafa kwalejojin koyar da noma da aikin injuna, sannan dokar Smith-Lever ta 1914 ta kafa tsarin malaman gona, waɗanda gwamnatin tarayya da jiha da gunduma ke haɗa hannu su biya su albashi domin su zaga gonaki suna koyar da manoma. A lokacin hukumomi sun damu da yadda matasa ke barin ƙauyuka suna kwarara birane, kuma wasu malaman kwalejojin sun fahimci cewa kaɗaici da rashin abin da zai tara jama'a suna cikin dalilan wannan ƙaura, ba talauci kaɗai ba.

Ɗaya daga cikin waɗannan malamai shi ne Alfred Arvold, wanda ya buɗe wani ƙaramin gidan wasa mai suna Little Country Theater a Kwalejin Noma ta Dakota ta Arewa da ke Fargo a 1914. Ɗalibansa, waɗanda akasarinsu 'ya'yan manoma ne, sukan rubuta wasanni a kan rayuwar gidajensu, su koyi haɗa dandamali da kayan da ake samu a kowane ƙauye, sannan su koma garuruwansu su kafa irinsa a makarantu da zaurukan taro, shi kuma yana aika wa duk al'ummar da ta nema rubutattun wasanni aro ta gidan waya. A jihar Wisconsin abin ya ƙara nisa, domin a 1936 Kwalejin Noma ta jami'ar jihar ta ɗauki mai zane John Steuart Curry aiki, ya riƙa zagayawa yana duba zanen manoma da matansu yana ba su shawara, kuma a 1945 Robert Gard ya kafa Wisconsin Idea Theater domin ƙarfafa wa mutanen ƙauyuka gwiwa su rubuta wasanni da labaran yankinsu. Sai dai wannan alheri bai game kowa ba, domin a jihohin Kudu, inda dokar wariyar launin fata ke aiki, an ware wa baƙaƙen fata nasu malaman gonar da kwalejojinsu daban, kuma kason da ake ba su bai kusanci na fararen fata ba.

Zamanin Roosevelt da ayyukan rage zaman banza

Karo na farko da gwamnatin tarayya ta zuba kuɗi mai yawa a harkar fasaha kai tsaye shi ne lokacin durƙushewar tattalin arziki na shekarun 1930. A 1935 gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa hukumar samar da ayyukan yi da ake kira WPA, kuma a ƙarƙashinta aka buɗe shirye-shirye na masu zane da makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo da marubuta, inda ake biyansu albashi kamar yadda ake biyan masu gina hanya da gada. Shirin masu zane, wanda Holger Cahill ya jagoranta, ya buɗe cibiyoyin fasaha na al'umma fiye da 100, da yawansu a garuruwan da ba su taɓa ganin ɗakin nuna zane ba, bisa sharaɗin cewa gwamnati za ta biya malamai, mutanen gari kuma su samar da gini da kayan aiki. Wasu daga cikin cibiyoyin sun rayu har yau, kamar gidan tarihi na Roswell a jihar New Mexico da cibiyar South Side da ke unguwar baƙaƙen fata a Chicago. Shirin marubuta kuwa ya tattara hirarraki fiye da 2,300 da tsofaffin da aka haifa cikin bauta, yayin da wani sashe na ma'aikatar kuɗi ya ɗauki nauyin zane-zanen bango kimanin 1,400 a gidajen waya, akasari a ƙananan garuruwa.

Duk da haka, manufar WPA ita ce samar wa ƙwararrun da suka rasa aiki abin yi, kuma tun da mafi yawansu a New York da sauran manyan birane suke, can ne kaso mafi tsoka ya tafi. Shirin bai kuma tsira daga siyasa ba. 'Yan majalisa masu ra'ayin riƙau sun zargi sashen wasan kwaikwayo, wanda Hallie Flanagan ke shugabanta, da yaɗa ra'ayin kwaminisanci, suka yanke masa kuɗi a 1939, sauran sassan kuma suka ƙare a 1943 lokacin da yaƙin duniya na biyu ya janye hankali da dukiyar ƙasar. Daga nan aka shafe fiye da shekara ashirin gwamnatin tarayya ba ta da wani tsayayyen tsari na tallafa wa fasaha a cikin gida.

Kafa hukumar NEA da shigowar jihohi

A ranar 29 ga Satumba, 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Tallafa wa Fasaha ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NEA, da kasafin da bai kai dala miliyan 3 ba a shekarar farko. Waɗanda suka yi fafutukar kafa ta sun fi damuwa da manyan ƙungiyoyin birane da bashi ya yi wa katutu, kuma tallafinta na farko, dala 100,000, ya tafi ne ga ƙungiyar rawa ta American Ballet Theatre. Dokar ta zo da wasu sharuɗɗa biyu da suka yi tasiri a kan duk abin da ya biyo baya: dole ƙungiyar da ke neman tallafi ta kasance mai rajistar da ke nuna ba riba take nema ba, ko kuma wani sashe na gwamnati, sannan tallafin ba zai wuce rabin kuɗin aikin ba, wato duk dalar da hukuma ta bayar sai ƙungiya ta nemo kwatankwacinta daga wani wuri. An yi wannan ne domin kada fasaha ta dogara kacokan ga gwamnati, amma sharaɗin da yake da sauƙi ga ƙungiyar da ke kewaye da bankuna da kamfanoni ya zama babban shinge ga ƙungiyar da ke garin da babu wani babban ɗan kasuwa a cikinsa.

Duk da wannan karkata, tun a 1966 hukumar ta bai wa ofishin Robert Gard tallafi domin ya gwada abin da zai yiwu a ƙananan garuruwa biyar na Wisconsin, wato Spring Green da Portage da Waupun da Rhinelander da Adams-Friendship, kuma sakamakon gwajin ya fito a 1969 a wani littafi mai suna The Arts in the Small Community, wanda ya zama jagora ga masu kafa majalisun fasaha na ƙananan garuruwa. Abu na biyu da ya buɗe wa karkara ƙofa shi ne kason jihohi. Dokar ta tanadi kuɗi ga kowace jihar da ta kafa hukumar fasaha tata, kuma wannan ƙwarin gwiwa ya sa kafin tsakiyar shekarun 1970 babu jihar da ba ta da irin wannan hukuma. A 1973 majalisa ta wajabta a riƙa miƙa wa jihohi kashi 20 cikin 100 na kuɗin shirye-shiryen NEA. Muhimmancin wannan shi ne cewa ɗan majalisar jiha yana wakiltar gundumomin karkara da ya san su, don haka hukumar jiha ba za ta iya zuba duk kuɗinta a babban birni ba tare da an tuhume ta ba.

Shekarun 1970, lokacin da ma'anar fasaha ta faɗaɗa

Matsin lambar da ya sauya tunanin hukumar ya taso ne daga ƙasa. A 1963 wasu matasa masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, John O'Neal da Doris Derby da Gilbert Moses, suka kafa Free Southern Theater a jihar Mississippi, suna kai wasanni kyauta majami'u da ƙauyukan masu noman auduga, kuma a 1965 Luis Valdez ya kafa El Teatro Campesino a Delano ta jihar California, inda leburorin gonakin inabi masu yajin aiki ke yin wasa a bayan manyan motoci. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun nuna cewa akwai fasaha mai ƙarfi da masu kallo masu yawa a wuraren da kwamitocin tantancewa na Washington ba su san da su ba.

A zamanin Nancy Hanks, wadda ta shugabanci NEA daga 1969 zuwa 1977 kuma kasafin hukumar ya ninka fiye da sau goma a hannunta, an buɗe sassa biyu da suka amsa wannan kira. Na farko shi ne Expansion Arts, wanda aka kafa a 1971 ƙarƙashin Vantile Whitfield, daga baya mawaƙi A. B. Spellman ya gaje shi, kuma aikinsa shi ne tallafa wa ƙungiyoyin da suka tsiro daga cikin unguwannin talakawa da ƙauyuka da yankunan 'yan asalin ƙasar, tare da kwamitin tantancewa da ya ƙunshi mutanen da suka san irin waɗannan wurare. Na biyu shi ne sashen fasahar gargajiya, wanda aka fara a 1974, Bess Lomax Hawes kuma ta karɓi ragamarsa a 1977. Ta lura cewa maƙeri ko masaƙiya ko mai kiɗan gargajiya ba zai taɓa cika takardar neman tallafi ya aika babban birni ba, saboda haka ta yi amfani da kuɗin sashen wajen taimaka wa jihohi su ɗauki jami'an al'adun gargajiya, waɗanda aikinsu ya yi kama da na malamin gona: su shiga lungu da saƙo, su gano masu sana'a, su taya su neman tallafi. Kafin ta yi ritaya a 1992 kusan kowace jiha ta samu irin wannan jami'i. Ta wannan hanya aka yaɗa shirin koyon sana'a, inda ake bai wa gwani da ɗan koyonsa 'yan dubban daloli domin su zauna tare na wasu watanni, kuma a 1982 aka fara ba da lambar girmamawa ta ƙasa ga gwanayen gargajiya, waɗanda rukuninsu na farko ya haɗa da maƙeri Philip Simmons na Charleston, da mawaƙiya Bessie Jones ta gaɓar tekun Georgia, da makaɗi Dewey Balfa na Louisiana.

Misalin da ya fi fito da amfanin wannan zamani shi ne Appalshop, da ke Whitesburg, wani ƙaramin gari a yankin haƙar kwal na gabashin Kentucky. An fara shi a 1969 a matsayin wurin koya wa matasa ɗaukar fim, da kuɗin Ofishin Bunƙasa Tattalin Arzikin Talakawa, wanda ke gudanar da shirin yaƙi da talauci na Johnson, tare da Cibiyar Fina-finai ta Amurka. An yi zaton matasan za su koyi sana'ar su tafi birni neman aiki, amma sai suka zaɓi zama a gida suna ɗaukar fina-finan mahaƙa kwal da tsofaffin makaɗa da majami'un yankin, domin su gyara mummunan hoton da kafofin watsa labarai ke nunawa game da mutanen duwatsun Appalachia. Da kuɗin farko ya ƙare, tallafin NEA yana cikin abubuwan da suka riƙe su har suka kafa kamfanin faifan waƙa na June Appal a 1974, da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Roadside Theater a 1975, da gidan rediyon WMMT a 1985. A wannan zamani ne kuma dokar samar da ayyukan yi ta CETA, wadda Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu a 1973, ta ba ƙananan hukumomi damar ɗaukar dubban masu fasaha aiki a makarantu da cibiyoyin unguwanni, kafin a kawo ƙarshenta a farkon mulkin Ronald Reagan, abin da ya bar ƙungiyoyi da yawa ba ma'aikaci ko ɗaya mai albashi.

Rikicin 1989 da abin da ya biyo baya

A 1989 rikici ya ɓarke a majalisa a kan hotunan Andres Serrano da na Robert Mapplethorpe, waɗanda aka nuna a wuraren da suka samu kuɗin NEA, kuma waɗanda 'yan majalisa irin su Sanata Jesse Helms suka ɗauka cin zarafin addini ne da batsa. Ƙungiyoyin karkara ba su da hannu a cikin wannan taƙaddama, amma sakamakonta ya shafe su ta fuska biyu. Ta fuskar farko sun amfana, domin a sabunta dokar hukumar da aka yi a 1990 an ƙara kason jihohi, an kuma keɓe wani kaso na musamman domin karkara da unguwannin talakawa na cikin birane, sannan daga ƙarshen shekarun 1990 kason jihohi da ƙungiyoyin shiyya ya kai kashi 40 cikin 100. Ta fuska ta biyu kuwa sun yi asara mai yawa, domin a 1996 an zaftare kasafin hukumar daga kimanin dala miliyan 162 zuwa kimanin miliyan 99, aka rushe tsarin sassa daban-daban har da Expansion Arts, aka soke yawancin tallafin da ake bai wa mutum shi kaɗai, aka kuma taƙaita tallafi ga ayyuka ƙayyadaddu.

Wannan sauyi na ƙarshe yana bukatar bayani. Kuɗin gudanarwa shi ne wanda ƙungiya ke biyan haya da wutar lantarki da albashin mai kula da ofis da shi, kuɗin aiki kuwa shi ne wanda ake bayarwa domin wani biki ko wasa ko horo guda ɗaya mai farko da ƙarshe. Babbar ƙungiya tana da jarin da take juyawa da kuma ma'aikatan da aikinsu kawai rubuta takardun neman tallafi, amma ƙaramar ƙungiya, wadda mutum ɗaya ne shugaba kuma akawu kuma mai buɗe ƙofa, sai ta koma tana ƙirƙiro sabon aiki kowace shekara domin ta samu abin da za ta ci gaba da numfashi. Ga shi kuma a yanzu tana gasa a layi ɗaya da manyan cibiyoyin birane, a gaban alƙalan da ba lalle ne su san darajar aikinta ba.

Daga 2001 zuwa yau

Domin rage wannan giɓi aka fara shirin Challenge America a 2001, wanda ya shahara da tallafin dala 10,000 ga ƙananan ƙungiyoyin da ke hidima ga al'ummomin da aka bari a baya, da takardar nema mai sauƙi, kuma ga ƙungiyoyi da yawa shi ne ya zama ƙofar farko ta samun kuɗin tarayya. Dana Gioia, wanda ya shugabanci hukumar daga 2003 zuwa 2009, ya sa a gaba cewa kowace mazaɓar ɗan majalisar wakilai ta samu aƙalla tallafi ɗaya, dabarar da ta kai kuɗi sababbin wurare, ta kuma sa 'yan majalisar karkara na jam'iyyun biyu suka samu dalilin kare hukumar. Wasu jihohi ma sun wuce gwamnatin tarayya himma, musamman Minnesota, inda a 2008 masu zaɓe suka amince da ƙarin harajin sayayya na tsawon shekara 25, aka ware kashi 19.75 cikin 100 na abin da ake tarawa domin fasaha da kayan gado na al'adu, kuma wani ɓangare na kuɗin yana bi ta majalisun fasaha na shiyya guda 11 da suka game jihar baki ɗaya.

Dalilin da ya sa kuɗin gwamnati ke da wannan nauyi ya fito fili a binciken da Holly Sidford ta wallafa a 2011, wanda ya nuna cewa kashi 2 cikin 100 na ƙungiyoyin fasaha, wato waɗanda kasafinsu ya haura dala miliyan 5, su ne ke karɓar kashi 55 cikin 100 na kyauta da tallafin da ake bayarwa a fannin. A lokacin annobar korona majalisa ta bai wa NEA dala miliyan 75 a 2020 da miliyan 135 a 2021, aka ɗage sharaɗin kawo kwatankwacin kuɗi, aka kuma yarda a biya haya da albashi da su, wanda hakan ya nuna cewa waɗannan sharuɗɗa abubuwa ne da majalisa ke iya sassautawa idan ta ga dama. Sai dai a farkon 2025 hukumar ta sanar da soke zagayen Challenge America na shekarar kuɗi ta 2026, a watan Mayu kuma ta janye tallafin da ta riga ta yi wa ƙungiyoyi masu yawa alkawari, yayin da gwamnatin Shugaba Donald Trump ta sake gabatar da shawarar rufe hukumar, kamar yadda ta yi a wa'adinta na farko ba tare da majalisa ta amince ba.

Idan aka dubi wannan tarihi gaba ɗaya, za a ga cewa yawan kuɗi bai taɓa zama shi kaɗai ne ma'auni ba, domin kasafin NEA na dala miliyan 207 a 2024 bai kai dala ɗaya a kan kowane ɗan ƙasa ba. Abubuwa uku ne suka fi tantance ko tallafi zai isa ƙauye ya kuma yi amfani: samun ma'aikacin da ya san wurin kuma yake zuwa da ƙafarsa, da sharuɗɗan da suka dace da ƙarfin ƙaramar ƙungiya, da ɗorewar kuɗin na shekaru masu yawa har cibiya ta kafu. Inda waɗannan suka haɗu, kamar a Fargo da Wisconsin da Whitesburg, an samu wasanni da fina-finai da faifai da ɗalibai waɗanda da babu su da tarihin yankunan ya rasa masu ba da shi daga ciki. Inda kuwa aka yanke kuɗi kwatsam, kamar a 1939 da 1996 da 2025, ƙananan ƙungiyoyi ne suka fi jin jiki, saboda ba su da wata gidauniya a kusa da za ta cike gurbin. Wannan shi ne dalilin da ya sa hakkin kula da su ya fi rataya a wuyan hukuma, tun da ita kaɗai ce ke karɓar haraji daga mazauna karkara da na birni baki ɗaya, kuma dukansu ne take da alhakin yi wa hidima.